Kurakuran masu sabon shiga gudun daji da takalmi mara tudu

Na gaji da ganin abu ɗaya yana maimaituwa. Mutum ya ji ana yabon gudu a turbar daji da siririn takalmin nan mai kama da ba ka sa komai ba, ya saya yau, gobe ya yi kilomita 10 da shi, bayan wata guda ka gan shi yana ɗingishi yana zagin takalmin. Daɗin kam akwai shi. Tafin ƙafarka na bambance yashi da laka da saiwar bishiya, jiki na gyara taku da kansa, hankalinka duk yana kan turba. Amma kafin a kai nan akwai ramuka, kuma biyu daga ciki na faɗa su da kaina.

Na farko, wanda ya fi ci mini tuwo a ƙwarya, shi ne sauya takalmi dare ɗaya ba tare da rage nisa ba. Takalmin gudu da aka saba da shi diddigensa ya fi gabansa tudu da kamar milimita 8 zuwa 12, ga soso mai kauri a ƙasa. Mara tudu kuwa daga sifili ne zuwa 4. Ƙafa ɗaya na da ƙasusuwa 26 da gaɓoɓi 33, kuma shekara da shekaru soson nan ke ɗauke musu aiki. Ka cire shi rana ɗaya, sai nauyin duka ya sauka a kan agara da sha-raɓa da siraran ƙasusuwan da ke bayan yatsu. Numfashinka ya saba da nisa, shi ya sa ba za ka gaji ba, amma ƙashi ya fi tsoka jinkirin ƙarfafa.

Ni kilomita 40 nake yi a mako lokacin, na ci gaba da yin su da sabon takalmin. A mako na uku saman ƙafata ya fara ciwo a wuri ɗaya, wurin da zan iya nunawa da ɗan yatsa. Na ce gajiya ce, na ƙara mako guda. Likita ya duba ya ce ƙashi ya tsage. Mako takwas ban yi gudu ba, ina kallon abokan guduna suna fita da asuba, kuma har yau abin na yi mini zafi don da hannuna na jawo. Ba ni kaɗai ba ne. A wani bincike na Jami'ar Brigham Young ta Amurka da ya fito a 2013, cikin mutum 19 da suka koma irin wannan takalmi a mako 10, an ga alamar rauni a ƙashin ƙafar 10 daga cikinsu, alhali a hankali aka ce su sauya.

Kuma don Allah a daina kawo mini misalin Abebe Bikila. Gaskiya ne ɗan Habashan ya ci gudun fanfalaki a gasar Olamfik ta Rum a 1960 ba takalmi, amma ƙafarsa ta daɗe da sabawa da hakan, kuma a 1964 a Tokyo da takalmi ya sake ci. Haka 'yan ƙabilar Raramuri na Meziko masu gudu a duwatsu da silifas na tayar mota, tun suna yara suke haka. Kai da ka shekara talatin a cikin soso, me ya haɗa ka da su a makon farko?

Abin da nake yi yanzu, kuma nake sa duk wanda ya tambaye ni: wata guda na tafiya kawai da takalmin. Daga nan minti biyar na sassarfa a ƙarshen gudu, sau biyu a mako, sauran da tsohon takalmi. Kullum ina ɗage diddige a bakin matakala sau 20 kowace ƙafa. Wasu na cewa wata uku ya isa, ni wata shida nake ba shi. Ciwon tsoka da ya bazu yana wucewa. Ciwon da ya tsaya wuri ɗaya a kan ƙashi, a tsaya, a ga likita.

Kuskure na biyu shi ne gudu da kan yatsu kamar mai sanɗa. An ji cewa binciken Daniel Lieberman na Jami'ar Harvard a 2010 ya nuna waɗanda suka saba gudu ba takalmi sun fi sauka da gaban ƙafa, sai aka ɗauka haramun ne diddige ya taɓa ƙasa. Wannan ya kumbura mini agara har na riƙa saukowa matakala a karkace. Ka sauka da gaba ko tsakiyar ƙafa, sannan ka bar diddige ya sauko ya taɓa ƙasa a hankali. Ka gajarta taku, ƙafa ta sauka a ƙarƙashinka, musamman a gangare inda kowa ke son miƙa ƙafa gaba ya taka birki. Ni nakan ƙirga taku 170 zuwa 180 a minti. In kana jin ƙarar takunka, kana dukan ƙasa ne.

Sauran ƙanana ne. Kada ka sayi mai matse yatsu, ka bar faɗin babban yatsa a gaba don ƙafa na kumbura a doguwar tafiya. Ka kalli taku uku ko huɗu a gabanka, mai kallon ƙafarsa shi ke tuntuɓe. Ka daina auna saurinka na daji da na kwalta, kuma tafiya a hawa mai tsauri ba abin kunya ba ne. Ka gaya wa wani turbar da za ka bi da lokacin dawowarka, don targaɗe a inda babu sabis ɗin waya ba wasa ba ne. Mai ciwon suga da ƙafarsa ta rage jin taɓi kuwa, kada ya sa siririn takalmi ya shiga tsakuwa da ƙaya sai ya yi shawara da likitansa.