Kurakuran da aka fi yi kan tarihin Girka ta da

Inda mutane suka fi kwafsawa shi ne ɗaukar Girka ta da a matsayin ƙasa ɗaya mai sarki ɗaya. Ko kusa. Birane ne kowanne da gwamnatinsa da sojojinsa har da kuɗinsa, Atina daban Sparta daban Koranti daban, yare da alloli da wasannin Olimfiya ne suka haɗa su, amma faɗa kam sun sha shi tsakaninsu, Atina da Sparta sun shekara 27 suna gwabzawa, daga 431 zuwa 404 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). To in za ka ce "Girkawa sun yi kaza" ka fara tambaya, na wane birni? Kuma lissafin shekarun nan da baya yake tafiya, 431 ta riga 404, ɗalibai da yawa nan suke rikicewa.

Sai batun mutum 300 na Sparta da fim ya cika wa matasa kai da shi. Eh sarki Leonidas na Sparta ya tsaya a mashigar Tamofile don tare sojojin Farisa a shekarar 480 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), amma Girkawa dubbai ne suka je, kuma ranar ƙarshe mutanen birnin Tesfiya kusan 700 sun tsaya sun mutu tare da shi ba mai ambatonsu. Farisawa ma su suka ci wannan yaƙin, sai a teku a Salamis reshe ya juye da mujiya.

Na yaƙin Turoi, birnin da waƙoƙin Girkawa suka ce sun yi wa ƙawanya har suka ci shi, ya fi ɗaure kai. Wasu su ce duk tatsuniya ce, wasu su ce ai an tono komai an gani. Birnin dai akwai shi, a tudun Hisarlik cikin Turkiyya ta yau, garuruwa ne birjik an gina wani kan kufan wani. Bajamushen nan Schliemann da ya haƙa wurin garin sauri ya tsaga tudun da ƙaton rami ya lalata abubuwa da dama, zinaren da ya samu a 1873 ya ce na Firiyam sarkin Turoi ne ashe ya girmi zamanin yaƙin da kimanin shekara 1000. Dokin katako da aka ce Girkawa sun ɓuya a cikinsa suka shiga birnin kuwa ba wanda ya tono ko guntunsa, a waƙoƙi yake, don haka a riƙa raba abin da ƙasa ta nuna da abin da mawaƙa suka rera.

Wanda ya fi shafarmu shi ne Rumawan da ke cikin Suratur Rum, da yawa suna zaton na birnin Roma ne a Italiya. A'a, daular gabas ce mai hedikwata a Kustantiniyya, Girkanci suke yi kuma Kiristoci ne, sarkinsu Hiraƙla dai na hadisin Abu Sufyan, ya hau mulki a 610 bayan haihuwar Annabi Isa (AS) ya kuma karya Farisawa kusa da Ninawa a 627. Daular ta kai har 1453 kafin Sultan Muhammad Alfatih ya ci birnin, shi ne Istambul ta yanzu.