Darasi na Bakwai: Ciwon Sanyi Ba Iri Ɗaya Ba Ne

A ɗakunan kwanan ɗalibai, kalmar sanyi tana ɗaukar kaya da yawa. Mace ta ji ƙaiƙayi a gabanta, a ce sanyi ne. Namiji ya ji zafi wajen fitsari, a ce sanyi ne. Ciwon mara ma sanyi. Daga nan sai abokiyar ɗaki ta ce, "Ƙawata, je ki kyamis ki sayi ja-da-yalo," ko a aiko da jiƙon saiwa a jarka daga gida. Wannan darasi na ɗaliban kwaleji ne, maza da mata, masu aure da marasa aure, da iyayen da ke tura 'ya'yansu karatu.

Abin da muke kira sanyi cututtuka ne daban-daban, kowace da maganinta.

Akwai wanda ba ruwansa da saduwa. Mace takan ga farin ruwa mai kauri da gudaji kamar kindirmo, tare da ƙaiƙayi. Budurwar da ba ta taɓa sanin namiji ba tana iya samunsa, haka mai ciki, da mai ciwon suga, da wadda ta sha magungunan kashe ƙwayoyin cuta. Don haka zalunci ne a zargi yarinya don ta yi wannan ƙorafi. Wanke can cikin gaba da sabulu, da cusa kayan matsi, suna ƙara dagula lamarin. Ruwa mai tsabta daga waje ya isa.

Akwai kuma waɗanda ake ɗauka ta hanyar saduwa, kamar gonoriya da kilamidiya da tunjere. Ba a zaman masai ake kwasar su ba, duk da haka mutane ke faɗa don rufa wa kansu asiri. Namijin da ya kamu da gonoriya yakan ga mugunya na fita daga gabansa cikin 'yan kwanaki, fitsari na yi masa zafi. Mace kuwa sau da yawa ba ta ganin komai, kuma nan ne abin ya fi ban tausayi. Cutar tana hawa a ɓoye daga bakin mahaifa zuwa hanyoyin da ƙwai ke bi, ta toshe su. Sai bayan shekaru, an yi aure ana neman haihuwa shiru, ko ciki ya zauna a wajen mahaifa har ya kai ga tiyata. A lokacin dangi sun fara maganar sammu, alhali abin da magani na 'yan kwanaki zai kawar ne tun tana makaranta.

Tunjere da wayo yake zuwa. Wani ƙurji ne marar zafi yake fitowa a gaba ko a baki, ya warke da kansa cikin 'yan makonni, mutum ya ɗauka shi ke nan. Cutar tana nan cikin jini, kuma mai ciki tana iya sa wa ɗan da ke cikinta.

Duk ukun nan ana warkewa sarai, amma da sharaɗi. A je asibitin makaranta ko na gwamnati a yi gwaji, a faɗa wa ma'aikacin lafiya gaskiya; aikinsa ne ya riƙe sirri. A shanye magani ko da an ji sauƙi a kwana na biyu, domin shan rabi-rabi shi ke sa ƙwayar cuta ta daina jin magani. A yi wa abokin kwanciya magani a lokaci guda. In gidan mata biyu ne ko uku, da maigida da matan duka za a duba, in ba haka ba cutar ta riƙa zagaye ke nan. A kuma dakata da saduwa har kowa ya gama maganinsa, aƙalla kwana 7.

Cutar ƙanjamau da ciwon hanta nau'in B su ma ta saduwa da ta jini ake ɗaukar su, kuma mutum yakan yi shekaru garau da su. Gwaji kaɗai ke nunawa. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kusan mutum miliyan 1.9 ne ke ɗauke da ƙanjamau a Najeriya. Maganin da ke danne ta kyauta ne a asibitocin gwamnati da aka ware, kuma mai shan sa kullum yana karatunsa, ya yi aure, ya haifi 'ya'ya lafiyayyu. Ciwon hanta nau'in B kuwa yana da allurar rigakafi, sau 3 ake yi wa babba. A 2024 jihar Kano ta yi dokar da ta wajabta gwajin waɗannan cututtuka da na sikila kafin ɗaurin aure, amma babu dalilin jira sai an sa rana.

Ga abin da nake roƙon kowa ya haddace: wadda aka yi wa fyaɗe ta garzaya asibiti kafin awa 72 su cika. Akwai maganin da ake sha na kwana 28 da ke hana ƙanjamau kama jiki, kuma da sauri-sauri ya fi aiki. Laifin na wanda ya aikata ne, ba nata ba.

Kame kai da riƙon amanar aure su ne babbar kariya. Kwaroron roba yana rage haɗarin ƙwarai in an yi amfani da shi daidai. Ƙwayoyi da allurar tazarar haihuwa ciki suke hanawa, ba sa hana cuta.

Aikin gida: ku je asibitin da ya fi kusa da ku, ku tambayi ranaku da lokutan da ake gwajin ƙanjamau da na ciwon hanta, da ko ana biyan kuɗi. Ku rubuta amsar a littafinku, ku zo da ita aji mako mai zuwa.