An gyara motar amma kuɗinta ya faɗi: kurakuran da muke yi bayan an buge mana mota

Duk wanda ya taɓa kai mota kasuwa ya san tambayar farko da dillali zai yi tun kafin ya tada injin: fas bodi ce ko an taɓa ta? Daga amsar nan ciniki yake farawa. Na tsaya na ga yadda suke yi ranar da na raka ƙanina zai sayar da Corolla ɗinsa, dillalin bai ko kalli sitiyari ba, ya buɗe bonet ya duƙa yana duba kan notocin da suka riƙe fenda ko sufana ta taɓa cin su, ya ja robar ƙofa ya leƙa ƙarƙashinta, sannan ya zaro ɗan maganaɗisu a cikin hankici yana bin gefen motar da shi a hankali. Da ya zo kan ƙofar baya maganaɗisun ya saki. Ya ɗago ya ce "Alhaji nan akwai fila." Shikenan, a wurin nan kuɗin motar ya sauka, alhali wanda ya buge ta wata takwas baya ya biya gyara tsaf, an yi musabaha an rabu.

Wannan ragin shi ne asarar da yawancinmu ba ma lissafawa, kuma kuskure mafi girma ana yin sa ne a bakin titi cikin minti goma na farko. Mutane sun taru, ana ta Allah ya kiyaye gaba, wani dattijo ya ce tunda ba a rasa rai ba a gode wa Allah, wanda ya yi bugun ya ce a kai wurin mai gyaransa, kai kuma kunya ta kama ka ka ce to ba komai a gyara min kawai. Kalmar "kawai" ɗin nan ita ce ta rufe maka ƙofa. Ni ban ce kar a yafe ba, yafiya alheri ce babba, amma mutum ya san abin da yake yafewa. Asara biyu ce aka yi maka, kuɗin gyara daban, faɗuwar darajar motar daban, ko da kuwa fentin ya fito kamar madubi. Abin da za ka ce a wurin bai da yawa: na yarda a gyara, maganar abin da motar ta rage a kasuwa kuma za mu zauna bayan an ga girman ɓarnar. A faɗe shi gaban shaidu.

Wasu suna ganin kamar neman wannan kuɗin son zuciya ne ko baƙon abu. Malaman Malikiyya sun yi maganar wanda ya yaga rigar wani, suka ce zai ɗinke ta sannan ya biya abin da ya ragu na darajarta bayan ɗinkin, domin riga mai ɗinki ba ta kai lafiyayya ba. Idan kuwa ɓarnar ta yi yawa har ta kashe amfanin abin, mai shi yana da zaɓi, ko ya karɓi kayansa da cikon abin da ya ragu ko ya bar masa ya karɓi kuɗinsa gaba ɗaya. A dokar da kotunan Najeriya suka gada daga Ingila ma ƙa'idar diyya ita ce a mayar da kai matsayin da kake kafin a yi maka ɓarnar, gwargwadon abin da kuɗi zai iya yi.

Sai maganar janye mota kafin a ɗauki hoto. Wannan kam kullum sai an yi shi saboda cunkoso da hon ɗin mutane. Kafin a motsa komai ka ɗauki hoton motocin biyu yadda suka tsaya, da lambar ɗaya motar, da alamar birki a kwalta, da lasisin direban da takardar inshorarsa. Idan ɓarnar babba ce a kira 'yan sandan kula da hatsari su yi zanen wurin, a kai motocin wurin jami'in duba motoci ya rubuta rahoto. Na san mutane suna gudun ofis saboda ɓata lokaci da kashe kuɗi, amma wanda ya rantse a titi cewa laifinsa ne, bayan sati biyu idan ya ji adadi sai ya ce ai kai ne ka taka birki ba sigina. Sannan ka tambayi mai motar waye. Idan direban kamfani ne ko na wani mai tirela kuma a bakin aiki yake, doka tana ɗora wa ubangidansa alhaki, to kar ka ɓata wata uku kana bin direban da albashinsa bai kai kuɗin fitila ɗaya ba.

Kuskuren da ya fi ci min rai shi ne barin wanda ya buge ka ya zaɓi mai gyara shi kaɗai. Shi burinsa a gama da araha, don haka ƙofar da ya kamata a canja sai a bubbuge ta a cika ta da fila, bamba a ɗinke ta da waya mai zafi, fitila a sa ta roba mai arha, idan jakar iska ta fashe a liƙe murfin a cire ƙwan da ke nuna alama a dashbod. Wannan na ƙarshen ma ya wuce maganar kuɗi, rai ne. Kai za ka zaɓi wurin gyara ko ku zaɓa tare, a rubuta duk abin da za a canja da kuɗinsa kafin a sa guduma, kuma ka je da kanka ranar da aka kwance gaban motar ka ɗauki hoton cikinta. Idan shasi ya lanƙwashe har sai an ɗaure shi da sarƙa an ja, wannan hoton shi ne babbar hujjarka, domin bambancin motar da aka canja wa fenda da wadda aka ja wa shasi a kasuwa kamar sama da ƙasa ne. Kayan da aka cire ma ka karɓe su ka ajiye. Rasit kuma kowanne, har na fenti da na janwe.

Yanzu ga inda shari'o'i suke mutuwa. Mutum ya je gaban alƙali ya ce motata ta rage miliyan biyu, a ce masa ina hujja, ya ce ai kowa ya sani. Kotu ba ta aiki da kowa ya sani. A Najeriya duk asarar da za a iya ƙirga ta da kuɗi sai an rubuta ta dalla-dalla a takardar ƙara kuma an tabbatar da ita da shaida mai ƙarfi, in ba haka ba alƙali zai tsallake ta ko da ya ga alamar gaskiya a tare da kai. A Ingila a 1974 kotun ɗaukaka ƙara ta duba irin wannan maganar, wani mai sabuwar mota da aka buge, alƙalai suka yarda cewa ana iya biyan faɗuwar daraja bayan kuɗin gyara, amma mutumin bai samu ba saboda bai kawo shaidar da ta gamsar ba. Abin yi shi ne ka samu ƙwararren mai ƙiyasta ɓarna, irin waɗanda kamfanonin inshora suke ɗauka, ko injiniyan mota mai rajista, ya rubuta maka kuɗin motar kwana ɗaya kafin hatsarin da kuɗinta bayan gyara. Ka haɗa da dillalai biyu ko uku masu shago tsayayye waɗanda za su yarda su zo su faɗa da bakinsu, da tallan motoci irin taka, shekara ɗaya, tafiya kusan ɗaya, wadda aka taɓa da wadda ba a taɓa ba.

Akwai wani tarko da ya ƙaru tun da naira ta faɗi a 2023. A ce ka sayi mota miliyan 4, aka buge ta, aka gyara, ka sayar miliyan 6, sai lauyan ɗaya ɓangaren ya ce ina asarar, ai riba ma ka ci. Mutane da yawa a nan suke yin shiru. Amsar ita ce ba da kuɗin da ka saya ake aunawa ba, da 'yar'uwarta lafiyayya ake aunawa a lokaci guda, idan ita tana miliyan 7 da rabi a ranar to miliyan ɗaya da rabi ka rasa. Shi ya sa dole kowane farashi da ka kawo ya kasance da kwanan wata a jikinsa.

Inshora kuma, mu dai mun ɗauke ta takardar nuna wa 'yan sanda. Tun 1 ga Janairun 2023 hukumar NAICOM mai kula da harkar inshora a Najeriya ta mayar da kuɗin inshorar ɓarnar da ka yi wa wani naira 15,000 ga motar gida, kuma tana biyan ɓarnar dukiya har naira miliyan 3, a da miliyan 1 ne. Wato idan takardar wanda ya buge ka ta gaskiya ce akwai kamfanin da za a nema, ba sai an sayar da gonarsa ba. Ana duba ingancinta da lambar mota a rumbun bayanan NIID ta waya. A sanar da kamfanin da wuri kuma kafin a fara gyara, domin suna so mutuminsu ya ga ɓarnar da idonsa. Amma ka lura, kuɗin gyara kaɗai kan iya cinye miliyan 3 ɗin a farashin yau, abin da ya haura yana wuyan mai motar. Ita kuwa cikakkiyar inshorar da ka yi wa taka motar, galibi an rubuta a cikinta cewa ba ta biyan faɗuwar daraja, don haka can wurin wanda ya yi ɓarnar za ka nema. A Amurka ma sai da aka kai ruwa rana, a 2001 kotun ƙolin jihar Jojiya ta tilasta wa kamfanin State Farm ya riƙa biyan masu inshorarsa wannan ragin. Su can lambar shasi tana ɗauke da tarihin mota a wani rumbun bayanai mai suna Carfax, shi ya sa motocin da suka yi hatsari suke arha a gwanjo har su iso Kwatano da Legas.

Kar ka sa hannu a takardar da ba ka karanta ba. Kamfanin inshora ko lauyan mai mota zai miƙo maka takardar sallama mai cewa ka karɓi wannan kuɗi a matsayin biya na ƙarshe ba sauran wani haƙƙi, kana sa hannu maganar daraja ta mutu. Idan kuɗin gyara ne kaɗai aka ba ka, a rubuta haka ƙarara. Idan kuma sulhu kuka yi a gaban mai unguwa ko shugaban 'yan kasuwa ko zauren sulhu, wanda ni na fi so saboda ya fi sauri kuma ba ya ɓata zumunci, to a rubuta adadin da ranar biya, ku biyu da shaidu ku sa hannu. Alkawarin baki na zan gani in sha Allahu ba ya zama bashi a gaban alƙali.

Lokaci ma yana ƙurewa. Kowace jiha tana da dokar da ta ƙayyade shekarun shigar da ƙara, amma idan motar gwamnati ce ta buge ka abin ya fi tsanani, dokar kare ma'aikatan gwamnati wata uku kacal ta ba da, kuma wasu hukumomin sai an aika musu takardar sanarwa kafin a kai su kotu. Nan kam ka ga lauya tun satin farko.

Sannan ka auna kafin ka shiga. Tsohuwar Golf da aka yi wa fenti sau uku, kuɗin mai ƙiyasi da na lauya zai fi abin da za ka samu, a yi gyara mai kyau a wuce wurin. Motar da take fas bodi, mai ƙarancin tafiya, ko wadda aka taɓa shasinta, ita ce ta cancanci a tsaya a kanta. Kuma ranar da za ka sayar ka faɗa wa mai saye an taɓa ta, ka nuna masa hotunan da rasit ɗin, ɓoye aibi haramun ne kuma yana ba shi damar dawo maka da ita. Takardar cinikin ma a rubuta cewa an rage kaza saboda hatsarin, idan shari'arka ba ta ƙare ba ita ma za ta shiga cikin hujjojinka.