Wankin babur da tsare shi daga tsatsa, daga damina zuwa hunturu

Tsatsa ba ta kama ƙarfe sai ruwa da iska sun haɗu a kansa. A Garwa, Marwa da Kusseri na arewacin Kamaru, ko Njamena ta Cadi, inda rana ke busar da shanya cikin awa guda, ruwan da ya zuba a sarari ba ya daɗewa. Mai ɓarnar shi ne wanda ya sami maɓoya: ƙarƙashin taɓon da ya manne a cikin murfin taya, cikin gidan sarƙa, gindin tanki, cikin salansa. Baƙar lakar karal, wadda ake dasa muskuwari (dawar rani) a kanta, ta fi kowace riƙe danshi. Samanta zai bushe har ya tsattsage, cikinta kuwa yana jiƙe kwana da kwanaki. Babur ɗin da tankinsa ke sheƙi amma ƙasansa na ɗauke da wannan laka, kwalliya kawai aka yi masa.

Kayan aikin ba su da yawa: bokiti biyu, soso mai laushi, tsohon buroshin haƙori, buroshi mai tauri na tayoyi, tsumman auduga guda uku, sabulun ruwa na wanke kwanuka, kananzir kamar rabin gwangwanin madara, man giya mai lamba 90, giris da basilin. Sabulun ruwan cokali biyu ya isa bokiti mai lita 10. Omo yana fitar da datti, amma yana dusashe fenti, yana cinye maiƙon da ke kare ƙarfe, kuma abin da ya saura a lungu yana jawo danshi. Idan shi kaɗai ke hannu, a zuba kaɗan, a ɗauraye sosai. Soda mai ƙuna ta masu haɗa sabulu kuwa kada ta kusanci inji, domin tana cin alminiyam.

Ruwan ma a duba shi. Akwai rijiyoyi da burtsatse masu zartsi, musamman wajen Tafkin Cadi inda ƙasa ke da kanwa. Irin wannan ruwa in ya bushe yana barin farin tabo, gishirin da ke cikinsa kuma yana hanzarta tsatsa. A yi wankin da shi in ya zama dole, amma ɗaurayar ƙarshe ta zama da ruwan daɗi. Tura babur cikin kogin Binuwai ko Logon har ruwa ya shanye rabin ƙafa, kamar yadda wasu 'yan kilando, wato masu acaɓa, ke yi da yamma, araha ce mai tsada: ruwa da yashi suna shiga boris da birki, bayan 'yan makonni ƙafa ta fara gurnani.

A kai babur inuwa, a ɗora shi kan jakinsa na tsakiya, a bar inji ya huce minti 30. Ruwan sanyi a kan inji mai zafi yana iya tsaga ƙarfe, sabulu kuma yana bushewa nan take ya bar zane. A rufe famfon mai, a toshe bakin salansa da leda da roba, a liƙe ramin makulli.

Kada soso ya fara taɓa shi. A jiƙa ko'ina tukuna, a jira minti biyar taɓo ya saki. Ƙurar hunturu da ke kwanciya daga Nuwamba zuwa Fabrairu yashi ce mai laushi, goge ta a bushe daidai yake da goga samfefa a kan fenti, shi ya sa tankuna da yawa ke dushewa tun ba su shekara ba. Bayan jiƙon a wanke daga sama zuwa ƙasa, bokiti ɗaya na kumfa, ɗaya na ɗauraye soso. Soson tanki daban, buroshin ƙafafu daban. A tura hannu cikin murfin tayoyi a ɓamɓare laka da ɗan itace, ba da sukundireba ba. A bi ƙasan inji, gindin shokazoba, maƙalar jaki da wurin taka ƙafa, a bi tsakanin haƙarƙarin inji da buroshin haƙori, domin lakar da ta cike su tana hana iska sanyaya shi, abin da ba a so a zafin Maris da Afrilu da ke haura digiri 40.

In wurin masu injin feshi aka kai shi, a ce su ja baya kamar kamu ɗaya, kuma kada su saita bakin a kan cibiyar ƙafafu, wuyan kan babur, kafireta, matatar iska, mita da mahaɗar wayoyi. Ƙarfin ruwan yana tura giris waje, ya zauna a gurbinsa.

Sarƙa ita ce ta fi shan wuya, kuma ita aka fi cuta da sunan gyara. Yawancin ƙananan baburan da ke yankin suna da gidan sarƙa rufaffe, mai babur sai ya ɗauka komai lafiya tunda ba ya gani. A kwance murfin aƙalla sau ɗaya a wata lokacin damina. Sau da yawa za a tarar da caɓi kwance a ƙasansa, sarƙa na wanka a ciki. A shimfiɗa kwali, a tsoma buroshi cikin kananzir, a goge sarƙa ana juya ƙafar baya da hannu. Da hannu, inji a kashe: yatsu da yawa sun tafi tsakanin sarƙa da haƙoranta don an kunna inji an sa giya. Fetur bai dace ba, yana busar da roba, ga hatsarin gobara. A tsane ta da tsumma, a ɗiga man giya ta gefen ciki, ɗigo ɗaya a kowace gaɓa, a juya ƙafa sau goma, a bar shi ya ratsa, sannan a goge rarar. Man da ake buƙata yana cikin gaɓoɓi. Wanda ya rage a waje ƙura kawai yake tarawa. Ana maimaitawa duk kilomita 500, da kuma duk ranar da aka keta ruwa. Saƙwaf-saƙwaf ɗinta a tsakiya ya zama santimita 2 zuwa 3, sai in littafin babur ɗin ya faɗi wani abu daban.

Baƙin man da aka juye daga inji, wanda ake shafe sarƙa da wayoyin ƙafa da shi don kyauta ne, yana ɗauke da garin ƙarfe da guba mai tsami ta ƙonewar fetur. Ya fi babu, amma da ya haɗu da ƙura sai ya zama ƙullun da ke cinye haƙora.

An gama wanka, saura babban aiki, wato busarwa. A tsane da tsumma, a karkata babur hagu da dama ruwan lungu ya fita, a ɗaga kujera a goge ƙarƙashinta. A zare hular fulogi a busar da cikinta, nan ne dalilin da ya sa babur ke ƙin tashi bayan wanki. A cire ledar salansa, a tayar, a yi tafiyar minti 10 zuwa 15 a hankali ana ɗan taka birki, domin jiƙaƙƙen birki ba ya kamawa. Tafiyar ta yi tsawon da salansa za ta yi zafi sosai. Ƙonewar fetur da kanta tana haifar da tururi, in aka kunna aka kashe nan da nan sai ya koma ruwa a ciki, shi ya sa salansa ke ruɓewa daga ciki zuwa waje. Wadda ke da ɗan rami a ƙasa, a zura waya a tabbatar bai toshe ba.

Daga nan sai kariya. Tsumma mai ɗan sabon mai, ba mai ɗiga ba, a bi wayoyin ƙafa, kan notuna, kariyar ɗaukar kaya, jaki da wuraren walda. Giris kaɗan a mahaɗar jaki, fedar birki da hannun kuloci. Sandunan shokazoban gaba masu ƙyalli a goge su tas, domin ƙwayar tsatsa ɗaya a kansu ta isa ta yaga robar da ke tare mai. Taya, birki da mariƙin hannu, kada mai ya taɓa su. Duk notin ƙarfe da za a ɗaura cikin alminiyam a shafa wa zarensa giris. Alminiyam ba ya jar tsatsa, farin gari yake yi, garin kuma yana riƙe noti har ya karye wajen kwancewa. Idan mai faci ya cire taya, a leƙa ƙarƙashin robar da ke rufe kan wayoyi a cikin wili. Tsatsar wurin ita ce ke huda tub a kai a kai ba tare da an taka ƙusa ba.

Batir mai farin gari ko kore a kawunansa, a fara cire baƙar waya, sannan ja. A dama bekin soda cokali ɗaya a kofin ruwa, ko ruwan kanwa in babu, a goge da buroshi ba tare da ya shiga ramukan batir ba, a ɗauraye, a busar. Wajen mayarwa ja ce farko, sai a rufe kawunan da basilin. Siririn tiyon numfashin batir ya sauka har ƙasa. In ya zame, ruwan batir zai riƙa ɗiga kan firam da sarƙa.

Tanki daga ciki yake lalacewa. Ruwa ya fi fetur nauyi, gindi yake sauka ya kwanta. Yana shiga ta lalatacciyar robar murfi, ta raɓar da ke taruwa a tankin da kullum yake rabi, ko ta man kwalba, zuwa-zuwa, da aka ajiye a jarka marar murfin kirki. A tace irin wannan mai da kyalle mai tsabta, a riƙa kwance ɗan kofin da ke ƙasan famfon mai da notin gindin kafireta duk wata. Jan gari a ciki alama ce tsatsa ta fara. Maganinta a sauke tanki, a juye mai, a cire famfo a toshe ramin, a zuba notuna cikin tafi ɗaya a girgiza, a cika da ruwan khal ya kwana ya yini, a ɗauraye da ruwan bekin soda, a busar a rana nesa da wuta, a cika da fetur a ranar. In ya kwana babu mai, tsatsa za ta dawo.

Tsatsar waje in tana kan ƙarfe mai ƙyalli, takardar alminiyam da aka jiƙa ta isa. A kan firam sai samfefa mai lamba 180, a bi da 400 har farin ƙarfe ya bayyana, a goge maiƙo, a shafa jan fentin ƙasa mai hana tsatsa, ya bushe, sannan fenti shafi biyu marasa kauri. Salansa fentinta daban ne, mai jure zafi.

Mai ɗaukar takin zamani lokacin noman auduga, ko gishiri, kanwa, ɗanyen kifin tafkin Lagdo da nama, ya shimfiɗa leda a kan kariya, ya kuma ɗauraye bayan babur a ranar, kada ya jira Juma'a. Wajen kwana kuma ya zama rumfa mai iska da busasshiyar ƙasa, nesa da turken dabbobi. Tamfol a kan jiƙaƙƙen babur yana kulle danshi, zafin rana ya dafa shi a ciki, don haka sai ya bushe sarai a rufe, a bar gefen ƙasa a buɗe iska na ratsawa.