Tausayin da ke tauye mace a ofis: kurakuran shugabanni da yadda ake gyara su

A ofisoshinmu na Kebbi, daga sakatariyar Gwadangaji har zuwa ƙaramar hukuma da asibiti da makaranta, da wuya ka sami shugaban da zai yarda cewa shi ba mai tausayi ba ne. Yawancinsu kuma da gaskiyarsu: in ma'aikaci ya yi rashi za su je gaisuwa, in an yi masa haihuwa za su sa hannu a aljihu. Abin dubawa shi ne irin tausayin. Akwai wanda ke sa shugaba ya tambayi na ƙasa da shi halin da yake ciki, ya daidaita aiki yadda zai iya ɗauka. Akwai kuma wanda ke sa shi ya yanke hukunci a madadin mutum ba tare da ya ji ta bakinsa ba. Na biyun ya fi yawa, kuma mata ne suka fi cin wuyarsa, don shi ke sa mace ta shekara ashirin tana aiki amma ranar da ake neman darakta a buɗe fayil ɗinta a ga wayam.

"A bar Hajiya, tana da ƙananan yara"

Wannan ne babban kuskuren, kuma da kyakkyawar niyya ake yin sa. Takarda ta zo ana neman mutum biyu su je kwas a ASCON, kwalejin horar da ma'aikatan gwamnati da ke Badagry, ko bita a Abuja, ko zagayen duba ayyuka a Yawuri da Zuru da Kamba. Shugaba ya ɗauki biro, ya kai kan sunan mace, ya ce a ransa tana goyo, ko maigidanta ba zai bari ba, ya tsallake. Ba a tambaye ta ba, ba ta ma san an yi ba.

Illar ba ta fitowa a shekarar. A ƙa'idar aikin gwamnatin tarayya, wadda jihohi suka ɗora nasu a kai, daga matakin albashi na 7 zuwa na 14 shekara uku ake yi kafin a cancanci ƙarin girma, daga na 15 zuwa sama kuma shekara huɗu. A ƙananan matakai, daɗewa a aiki da cin jarrabawa na iya haye da mutum. Amma in aka zo zaɓen wanda zai riƙe sashe, tambayoyin kan canza: wa ya taɓa tsara kasafin kuɗi ya kare shi? Wa ya taɓa jagorantar tawaga zuwa ƙauye? Wa ya zauna a kwamitin ba da kwangila? Wadda aka riƙa tsallakewa shekara tara ba ta da amsa ko ɗaya, sai a ce ba ta da gogewa, alhali waɗanda ke faɗin hakan su suka hana ta.

Gyaran ba shi da tsada. A tambaye ta, kuma a tambaye ta da wuri. Sanarwar yau da dare gobe tafiya, namiji ma wahala take ba shi, balle wadda sai ta nemi izinin gida ta kuma tsara wanda zai riƙe yara. A ba da aƙalla mako biyu, a rubuce, da ranar tafiya da ta dawowa, da inda za a sauka, da sunayen abokan tafiya. Takarda mai hatimin ofis tana sauƙaƙa maganar da za ta yi a gida fiye da saƙon baki. A biya alawus kafin a tashi, don "ki yi amfani da kuɗinki a biya ki daga baya" ya hana mata da yawa tafiya, kunya kuma ta hana su faɗin dalili. In da hali a haɗa mata biyu a tawaga guda. In ta ce wannan karon ba za ta iya ba, an ji, amma a sake tambayarta a karo na gaba. Uzurin bana ba na har abada ba ne. In kuwa hanya ce ba lafiya, kamar yadda ake fama a wasu sassan ƙasar Zuru, to haɗarin bai san mace ko namiji ba, a yanke shawarar tsaro ga kowa da kowa.

Sannan shugaba ya ajiye littafi guda: sunan kowane ma'aikaci, da kwas da tafiya da kwamitin da ya shiga cikin shekara uku. Yawanci in aka jera haka, sunaye huɗu ko biyar ne ke ta maimaituwa, kuma shugaban da kansa zai yi mamaki.

Sassauci na baki

"Ranka shi daɗe, yaron ne ba lafiya." "Je ki, ba komai." Magana ce mai daɗin ji, amma rajistar zuwa aiki ba ta ji ta ba. Ranar da aka yi wa oga canjin wurin aiki, wanda ya gaje shi layukan da ba sa hannu zai gani, sai takardar neman bahasi ta biyo baya. Akwai kuma illa ta biyu wadda ta fi wannan muni a wurinmu: sassaucin da namiji shugaba ke yi wa mace guda a ɓoye, shi ke haifar da tsegumi, tsegumi kuwa a kan mutuncin matar yake sauka, har ya kai gidanta.

Duk izini a rubuta shi, ko da layi biyu ne, a sa a fayil. Kuma a mai da shi ƙa'idar da kowa ya sani: mai jinyar ɗa ko iyaye ga abin da zai yi, ga wanda zai sanar, ga yadda zai rama aikin. Magidancin da zai kai mahaifiyarsa asibitin Sir Yahaya shi ma ya ci moriyar ƙa'idar. Da zarar maza sun ga abin ya shafe su, ƙorafin "ana fifita mata" ya mutu.

Haihuwa da takaba

Nan shugabanni da yawa ba su san abin da doka ta ce ba, sai su riƙa ba da haƙƙi kamar alfarma. Sashe na 54 na Dokar Ƙwadago ya ba mace mako shida kafin haihuwa da mako shida bayanta, da aƙalla rabin albashi in ta kai wata shida a wurin aikin, da rabin awa sau biyu a rana don shayarwa, kuma ya hana a ba ta takardar sallama tana cikin wannan hutu. Wannan shi ne mafi ƙaranci, kuma kamfanoni masu zaman kansu irin masana'antun shinkafa da makarantun kuɗi su lura da shi. A aikin gwamnatin tarayya hutun ya fi haka tsawo, kuma da cikakken albashi, a 2021 kuma aka amince da hutun kwana 14 ga uba. Mai riƙe da ofishin jiha ko ƙaramar hukuma ya nemi ƙa'idar aikinsu ya karanta da idonsa, ya liƙa shafin a allon sanarwa.

Kuskuren da ya fi cutarwa ba a tsawon hutun yake ba, a dawowa yake. Mace ta tafi tana riƙe da tebur mai nauyi, aka ba wani riƙon ƙwarya, ta dawo ta tarar ƙwaryar ta zama tasa, ita kuma an tura ta rajista "don ta huta". Maganinsa takardar miƙa aiki tun wata guda kafin ta tafi, wadda ta faɗi fayil-fayil ɗin da ke hannunta, da sunan mai riƙewa, da ranar da zai mayar. Haka wajen cike fom ɗin APER na shekarar, wato fom ɗin auna ƙwazon ma'aikaci: a auna ta da watannin da ta yi aiki. Rage mata maki saboda ta haihu zalunci ne da ke bin ta har zaman ƙarin girma, domin kwamiti lambar kawai yake gani, ba ya ganin dalili.

Takaba kuma wata huɗu da kwana goma ce, kowa ya sani, amma ofisoshi kan bar ta a hannun "mu gani". Matar da mijinta ya rasu ba ta cikin halin zirga-zirgar neman izini. Ofis ne ya kamata ya aika mata da wata abokiyar aiki bayan addu'ar bakwai, da takardar da za ta sa wa hannu, a tabbatar albashinta bai tsaya ba.

Inda ake yanke shawara

In ana kiran taro ƙarfe huɗu na yamma, ko ana ƙulla maganar gaske a majalisar ƙofar gidan oga bayan Isha, to an riga an cire mata ko da sunansu na cikin kwamiti. Washegari sai a shigo ɗakin taro a karanta abin da aka gama. A sa taro tsakanin goma na safe da azahar, da azumi a ƙara matso da shi, kuma shugaba ya hana kansa yanke maganar ofis a wurin da rabin ma'aikatansa ba za su iya zuwa ba. In an kawo masa ita a can, amsar ita ce a kawo ta ofis gobe.

A cikin taron ma akwai abin lura. Mace guda a kwamiti, sai a miƙa mata rubuta bayanin taro da rabon lemo. Mai rubutu kuwa ba ya samun bakin magana. A riƙa juya wannan aiki. Kuma da yake tarbiyyarmu ta hana ƙarami katse babba, ta kuma ninka wa mace wannan kunya, shirunta ba yarda ba ne. Shugaba ya fara jin ra'ayi daga ƙananan ma'aikata zuwa manya, ya kira suna, shi kuma ya faɗi nasa a ƙarshe. In ta kawo shawara aka wuce, wani ya maimaita aka yaba, ya ce a fili: "Wannan ai abin da Malama ta faɗa ɗazu ne."

Gudun gyara mata kuskure

Wasu shugabanni maza, don gudun zargi ko gudun hawaye, ba sa zama da ma'aikaciya su nuna mata inda ta kasa. Namiji ya rubuta takarda ba daidai ba, a kira shi a yi masa jan biro, ya koya. Mace ta rubuta, a karɓa a ce an gode, a ba wani ya gyara a ɓoye. Ita tana zaton tana ƙoƙari, ofis kuma ya riga ya yanke cewa ba ta iya ba.

Kiyaye mutunci gaskiya ne, amma yana da hanya: ƙofa a buɗe, a lokacin aiki, sakatare ko wani na kusa inda ido ke gani. A tsara wa kowane ma'aikaci minti ashirin a wata, mace da namiji, don kada kiran ya zama abin kallo. A yi magana a kan aikin da ke kan tebur, shafi kaza, lissafi kaza, ga yadda ake so, ga ranar da za a dawo da shi. Tsawa a gaban jama'a kuwa, musamman gaban waɗanda take shugabanta, rushe ta ne gaba ɗaya.

Kujera ba iko

An naɗa ta shugabar sashe, an yi hoto, amma sa hannun fitar da kuɗi na wurin mataimakinta, motar ofis na wurin wani, ma'aikatanta kuma suna zagaye ta su kai fayil kai-tsaye wurin babban sakatare, shi kuma yana karɓa. Karɓar nan ita ce kuskuren. Sau biyu kacal zai mayar da mai fayil ya ce "bi ta wurin Hajiya", kowa zai shiga taitayinsa.

Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, da ta kafa 'Yan Taru, ƙungiyar ilmantar da mata, ba ta tsaya ga koyar da jaji, wato matar da ke kai karatun ƙauyuka, karatu kawai ba. Takan naɗa mata malfa, alamar da duk ƙauyen da ta shiga za a gane cewa da izini ta zo. A ofis malfar ita ce takardar naɗi mai faɗin iyakar ikonta, da gabatar da ita a gaban ma'aikata, da sunanta a kan takardun banki da littafin kashe kuɗi.

Ita ma wadda aka naɗa tana da nata tarkon. Ofis zai so ya mai da ita uwa: adashi a hannunta, gudummawar biki a hannunta, sulhun masu faɗa a hannunta, har lokacin aikin da za a auna ta da shi ya ƙare. Ta kafa kwamitin walwala ta miƙa. Wata kuma, don kada a ce ta cika laushi, sai ta fi kowa tsanani a kan mata 'yan'uwanta, tana cewa ita da ta yi nata goyon wa ya tausaya mata. Ƙa'idar da ke rubuce ta ishe ta, ba sai ta ƙara gishiri ba.

Ƙidaya

Manufar ƙasa kan jinsi ta 2006 ta sa kashi 35 cikin 100 na muƙamai ga mata, a watan Afrilun 2022 kuma Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta umarci gwamnatin tarayya ta aiwatar da shi. Shugabanni kan ƙirga jimillar ma'aikata su ce ai mun wuce haka, alhali matan sun taru ne a aikin jinya da aji da ofishin harkokin mata. A ƙirga mataki-mataki, daga na 7 zuwa na 10, sannan daga na 12 zuwa sama (babu na 11 a tsarin, daga 10 ake tsallakawa), a ga daidai inda adadinsu ke faɗuwa. Sannan a ƙirga sashe-sashe: kuɗi, tsare-tsare, ayyuka, sayayya. Duk sashen da ba mace ko ɗaya, in gurbi ya samu a can, a fara duba littafin nan na kwas da tafiye-tafiye, a kira waɗanda suka cancanta ɗaya bayan ɗaya a tambaye su ko suna so.