Yadda Ake Gwada Maganin Kare Ƙoda a Jikin Ɓerayen Bincike

Idan homon ɗin aldosteron, sinadarin da ke sa jiki riƙe gishiri da ruwa, ya yi yawa a jiki kuma ya haɗu da gishiri, ƙoda ce ke shan wahala: jini ya hau, furotin ya riƙa zuba cikin fitsari, tabo ya mamaye naman ƙodar. Tun 1943 masanin kimiyya Hans Selye ya nuna haka a jikin ɓeraye da DOCA, sinadari mai aiki irin na aldosteron, kuma har gobe da wannan tsari ake gwada magungunan da ke toshe aikin aldosteron, irin su spironolactone, eplerenone da finerenone.

Bayan samun izinin kwamitin kula da dabbobin bincike, a zaɓi ɓeraye maza nau'in Sprague-Dawley masu nauyin giram 200 zuwa 250, domin matan ba sa saurin kamuwa da ciwon. A sa musu maganin barci, a cire ƙoda ɗaya, a ba su mako guda su murmure. Sai a dasa ƙwayar DOCA a ƙarƙashin fata, a mayar da ruwan shansu na gishiri, kashi 1 cikin 100. A haɗa da gishirin fotasiyam kashi 0.2 cikin 100, saboda DOCA na kwashe fotasiyam, ƙarancinsa kuwa shi kaɗai yana ɓata ƙoda, ya dagula sakamakon.

Kada a zuba magani cikin ruwan sha. Ɓerayen nan ƙishirwa ba ta barinsu, kejinsu kullum jiƙe da fitsari, kuma wani yakan sha ninkin abin da ɗan'uwansa ya sha. Ɗura za a yi musu kowace rana bisa nauyin jiki: eplerenone miligiram 100 kan kowane kilo, finerenone miligiram 1 zuwa 10.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne rabon rukuni. Ban da masu lafiya, da masu DOCA ba magani, da masu DOCA da magani, lallai a ware rukuni na huɗu, na masu DOCA da za a ba hydralazine, wanda ke sauke hawan jini ba tare da ya toshe aikin homon ba. In babu shi, ba wanda zai iya cewa maganin ne ya kare ƙodar kai tsaye ko kuwa saukar hawan jinin ce kawai.

Kowane mako a auna hawan jini ta wutsiya, a tara fitsarin awa 24 a auna albumin, wato furotin ɗin da ke zuba cikinsa. A sa ido kan fotasiyam a jini, don magungunan toshe aldosteron suna ɗaga shi. Bayan makonni 4 zuwa 6 a yanka ƙodar siriri, a rina da sinadaran rini PAS da Sirius red don ɓarna da tabo su fito, a miƙa wa mai dubawa da madubin likita ba tare da an faɗa masa rukunin kowace ba.