Hular fitila ta lanƙwashe, ɗan kunne ya kawo ƙaiƙayi: kurakuran masu fara kayan ado da firintar 3D

Duk wanda ya sayi firintar 3D, kafin wata ya zagayo sai ya buga hular fitila da ɗan kunne, ya ɗauki hoto ya saka a WhatsApp ya ce a kawo oda. Tun da haƙƙin mallakar fasahar narka zaren roba ya ƙare a 2009 injunan suka yi araha, har mai ɗan jari ma yana iya ajiye injin Ender 3 a lungun ɗakinsa. Abin da ke gajiyar da mutum shi ne kurakuran ba sa canjawa. Kaya su fito daga kan farantin injin sumul, mai su ya ɗauka aiki ya ƙare, alhali ba su haɗu da zafin ƙwan lantarki ba tukuna, ba su kuma kwana a jikin mutum ba.

Bari in fara da zafi, don shi ya fi cin kuɗin mutane. Zaren PLA, wanda kowa ke farawa da shi, ana narka shi a bakin injin a wajen digiri 200. Daga nan sabon shiga ke yanke hukuncin cewa sai zafi ya kai 200 kafin wani abu ya sami kayansa. Ba haka ba ne. PLA yana fara laushi tun daga digiri 55 zuwa 60. Ba zai zuba kamar kitse ba, a hankali zai riƙa saki, zoben da ke riƙe da hular ya buɗe, hular ta karkace, wata rana ta kwanta a jikin ƙwan. Tsohon ƙwai mai jan haske na wat 60 kusan duk wutar da yake sha zafi take zama, kuma gilashinsa na wuce digiri 100. Wanda ya saka irinsa cikin hular roba, gobara yake kira da hannunsa.

Sai a ce ai LED ne, ba ya zafi. Kan ƙwan ne ba ya zafi. Je ka taɓa gindin ƙwai mai wat 12 ko 15 bayan ya yi awa biyu a kunne cikin rufaffen wuri, ka ji. Nan ne kuwa daidai inda robarka ke manne. Ni dai ba na wuce wat 7 a fitilar tebur, kuma ina barin aƙalla santimita 5 tsakanin ƙwai da bangon hula ta kowane ɓangare. Sama a buɗe, ƙasa da ƙofofin iska, domin zafi ya samu hanyar fita. Hular da aka toshe samanta don kyau tukunya ce. Holda kuma, wato mazaunin ƙwai, ba a buga ta, a sayi ta kasuwa, E27 mai murɗawa ko B22 mai maƙalawa, da wayarta da makunninta. Zoben da zai zauna a kanta kaɗai ake bugawa, shi ma da zaren PETG, wanda ke jurewa har wajen digiri 80. Ramin zoben E27 yana kusan milimita 40, amma ka auna holdar da ke hannunka, don ba duka suke zuwa daidai ba.

Kafin fitila ta bar hannunka, kunna ta awa huɗu da rana tsaka a ɗaki a rufe, sannan ka danna zoben da babban yatsa. In ya motsa ko ya yi taushi, ba ta isa sayarwa ba. Kuma ka sani mai saye zai canja ƙwai ranar da naka ya mutu, zai sa wanda ya samu a shagon unguwa. Shi ya sa na fi son zirin LED mai volt 5 da ake jonawa da USB: ba abin da za a canja, ba wutar volt 230 a cikin roba, kuma in NEPA ta ɗauke wuta sai a jona da fawa-banki.

Har yanzu ban bar zafi ba. Mutum zai kwana biyu yana buga kayan oda, ya zuba su a bayan mota a watan Afrilu, ya tsaya sallar azahar da cin abinci a Kano ko Sakkwato inda waje ke haura digiri 40. Cikin motar da ke rana a kulle yana iya wuce 60. Ya dawo ya tarar tulun furanni ya zama kamar an zauna a kai, sai ya ce zaren jabu ne. Zaren lafiyarsa ƙalau. Haka shagon kwano marar silin, haka bakin taga mai kallon yamma. Abin da zai zauna a waje ko a mota, zaren ASA ake yi masa, shi ne ke jure rana ba ya koɗewa da wuri, sai dai yana son injin mai rufi kuma yana da wari. Kyandir na gaske kuwa ko da wasa kada ya shiga abin da aka buga.

Hular fitila mai kyau yawanci da tsarin bango ɗaya ake yinta, wanda bakin injin ke hawa yana zagayawa ba tsayawa, a manhajar Cura sunansa Spiralize Outer Contour. Kuskuren shi ne yin sa da baki mai milimita 0.4, sai hula ta fito kamar ledar biredi. Sa baki mai 0.8, faɗin layi milimita 1, tsayin hawa 0.3, ka rage gudu. In ba da wannan tsari za ka yi ba, to bango biyu ko uku a manne, ba cikon ciki, domin da an kunna wuta duk ragar da ke ciki za ta bayyana kamar haƙarƙarin ramammiyar akuya. Zare fari ko marar launi shi ke ba da haske, kuma ƙwai mai ɗumin launi, 2700K zuwa 3000K, ya fi mai 6500K da ke mai da falo kamar ɗakin asibiti. Hoton da haske ke fitarwa ta kaurin roba kuma a tsaye ake buga shi, cike dam, kauri daga milimita 0.8 zuwa 3.

Tulun furanni yana yoyo ko da ido bai ga rami ba. Sa kwalba a ciki ka huta.

Masu rubutun Larabci a jikin fitila ko allon bango, ku duba da kyau. Manhajojin zane da yawa suna wargaza haruffan, su jera su daga hagu, kowanne a ware, wanda bai iya karatun ba kuma ya buga a haka. A rubuta a manhajar Inkscape, a mai da rubutun zane, a fitar da shi SVG. In huda rubutun za a yi don haske ya ratsa, cikin haruffa irin su mim da wawu da sad zai faɗo sai an bar masa 'yar gada mai milimita 1. In aya ce, a tanadi inda za a adana wanda ya lalace, ba kwandon shara ba.

Yanzu rezin, ruwan robar da haske ke daskarar da shi, kuma a nan zan yi faɗa. Don ɗan kunne da zobe masu ƙananan zane, injin rezin ya fi na zare nesa ba kusa ba, hawansa na iya sauka zuwa milimita 0.05 ko ƙasa. Amma ruwan nan ba man shafawa ba ne. Sai ka ga yaro ya tsoma hannu tsirara yana ciro zobe daga faranti, yana dariya wai shi ba ya jin komai. Yau ba ka ji ba. Jiki tara abin yake yi, ranar da ya ƙi shi kuma ya ƙi ke nan, ko warinsa ka shaƙa sai fata ta tashi, sana'ar ta gagare ka. Safar hannu ta naitiril, tabarau, taga a buɗe, kuma ba a ɗakin da ake kwana ko yara ke shiga ba.

Wanda ya fi wannan muni shi ne sayar wa mace ɗan kunnen da bai gama bushewa ba. Ta sa shi ranar biki, ga zufa ga turare, washegari kunne ya kumbura. Ƙa'idar ba ta da wuya: wanki biyu a sinadarin IPA, wato alkohol ɗin wanki, mai ƙarfin kashi 90 ko sama, na farko a tsohon IPA, na biyu a sabo, minti uku kowanne. A bar shi ya bushe sarai, don in an gasa shi da jiƙa fari-fari zai fito masa. Sannan a gasa shi da hasken UV mai nanomita 405, ana juya shi, gwargwadon lokacin da aka rubuta a jikin kwalbar. In ya rage danƙo ko wari, bai yi ba. Abin wuya mai kauri da aka rarake cikinsa dole a yi masa ramuka biyu na milimita 2 zuwa 3, in ba haka ba ɗanyen rezin zai maƙale a ciki, bayan makonni ya tsaga shi ya tsiyayo a ƙirjin mai shi. Ko bayan duk wannan, ni ba na barin rezin na gama-gari ya zauna a fata kai tsaye, sai na fesa masa fentin kariya mai sheƙi hawa biyu. Abin da zai ratsa hujin kunne kuma ƙarfe ne, azurfa 925 ko taitaniyam, ba maƙalan araha masu nikel da ke sa kunne ruwa ba. Ruwan wankin da ya ƙazantu a shanya shi a rana ya daskare, kada a zuba a kwata.

Mai son zoben azurfa ko zinariya na gaske, rezin na musamman ake saya mai ƙonewa ba toka. Dabarar ita ce dai ta kakin zuma da maƙeran tagulla suka daɗe da sani: a lulluɓe samfurin da farar ƙasar zubi, a gasa har wajen digiri 730 ya ƙone ya bar gurbi, a zuba narkakken ƙarfe. Rezin na gama-gari kumbura yake yi ya fasa gurbin. Ka tambayi maƙerin da za ka kai wa nawa zai ƙara don ƙanƙancewa da gogewa tun kafin ka buga.

Ɗan kunnen zare a kwance ake buga shi. Ƙarfin abin bugawa yana bin tsawon layi, rauninsa na tsakanin hawa da hawa, don haka wanda aka buga a tsaye daga wuyan ramin yake ɓallewa. Zare mai sheƙin siliki ya fi kowanne wannan hali. Rami yana fitowa ƙasa da yadda aka zana da kamar milimita 0.2, to zana milimita 2 in kana son zoben maƙalawa ya shige, ka bar nama milimita 1.5 kewaye da shi. Zobe kuma kada a auna yatsa da zaren ɗinki, a buga jerin zobban gwaji masu bambancin rabin milimita mai saye ya gwada.

Sauran ƙanana ne. Zaren da ke ƙara tas-tas yana barin gashi ya sha danshin damina, a busar da PLA a digiri 45, PETG a 65, awa huɗu zuwa shida. Da hunturu a ratsa zaren ta cikin ɗan soso kafin ya shiga injin, ƙura na toshe baki. Farantin da ya ƙi riƙe aiki galibi maiƙon yatsa ne, sabulun wanke-wanke da ruwan ɗumi sun fi gam. Aikin awa goma sha biyar ba a fara shi da wutar NEPA ba tare da inbata ba, don ko injin ya ci gaba daga inda ya tsaya, layin zai fito a hula da zarar an kunna ta. Samfefa da ruwa ake gogawa, mai lamba 220 sannan 400 sannan 800, busasshiya tana narka PLA. Sinadarin asiton kuwa, abin da aka buga da zaren ABS yake gyarawa, kada a ɓata shi a kan PLA. Zanen da aka sauko da shi daga shafin Thingiverse ko Printables kuma a duba lasisinsa, in da alamar NC ba na sayarwa ba ne, sai an nemi izinin mai shi ko an zana nasa.